Waƙar da Fartanya Ta Ƙi Bi

Ruwan watan takwas ya sauka mana bana kamar da bakin ƙwarya. Tun shekaranjiya ba mu ga rana ba. Kayan da na shanya a baranda sun fara warin danshi, ciyawa ta tsiro har a tsagar dakali. Ɗazu da ya tsagaita na leƙa ta taga, na hango maƙwabcinmu goye da tankin feshi yana bin gonarsa ta bayan gida, shi kaɗai, waya a aljihu tana masa kiɗa. Kafin la'asar ya gama ya wanke ƙafa. Ba wanda ya dama masa kunu, ba wanda ya ɗaga masa murya. Na daɗe ina kallonsa, har na ji fuskata ta ɗauki zafi, irin zafin da take ɗauka duk ranar da na tuna daminar da na yi waƙa a gonar Baba.

Ina da shekara goma sha bakwai a lokacin. Ba a jima da mai da Jalingo babban birnin jiha ba, gari ya cika da baƙi, komai ya yi tsada, man fetur sai an wuni a layi. Muna zaune a Kachalla Sembe, a gidan laka mai rufin kwano da ke yoyo ta kusurwa ɗaya. Babana, Ishaya, masinja ne a ofishin gwamnati, amma ba ofis ke ciyar da mu ba. Gonar dawa ce da ke kan hanyar Sunkani. Idan ta yi, mun ci shekara. Idan ba ta yi ba, to, sai abin da Allah ya yi.

Mu Mumuye ne. Iyayena a ƙauye aka haife su, can wajen Lau, ni kuwa a gari. Ina jin yarenmu amma ba na mayarwa, kuma gaskiya ban so in iya ba. Ko Hausar gidanmu kunyarta nake ji, irin wadda Mama za ta ce “yarinya ya dawo” ba ta ga wani laifi ba. Hausar da nake so ita ce ta littattafan soyayya. Maryama, 'yar wani tela bakano da ke layinmu, ita ke ara mini su ta kan katanga. A cikinsu 'yan mata suna zama a falo mai labule da turaren wuta, suna yawo a lambu da yamma, saurayi ya zo ya yi magana mai sanyi har hawaye su zubo. Ni lambun da na sani shi ne na albasa da alayyafo a bakin Mayo-Gwoi. Duk da haka a raina na gama yarda cewa ni 'yar cikin littattafan nan ce, kuskure aka yi aka ajiye ni a Kachalla Sembe. Har a cikin addu'a na taɓa tambayar Ubangiji me ya sa ya yi ni da faffaɗar ƙafa da suna Rifkatu.

Abu ɗaya da na san ya ba ni shi ne murya. Ina cikin mawaƙan cocinmu, kuma na taɓa haɗa wata 'yar waƙa ta Kirsimeti da mutane suka so. A nan ne kuma Iliya yake, mai kiɗa mana ganga. Dogo ne, ba ya yawan magana, ko gaisuwa ba mu cika yi ba. Amma na riga na ba shi mota da falo a zuciyata, na kuma shirya abin da zan ce masa ranar da zai buɗe baki.

Shekarar ta fara da zafi mai tsanani. Bazara ta yi tsawo, kwanon ɗaki yana ƙara da rana kamar ana taka shi, rijiyoyin unguwa suka koma laka. Ruwan farko ya zo ya yaudare mu. Baba ya yi shuka, sai sama ta ɗauke, dawa ta tsiro ta ƙone. Ya sake shukawa da irin da ya rage. Ta biyun ta kama, ta yi kore shar, muna murna, sai zazzaɓin taifot ya kwantar da Baba. Yayana Yohanna ya tafi kudu neman aiki tun bara. Daga ni sai Mama sai ƙannena biyu ƙanana. Mama tana jinya, ni ina dafa abinci da ɗiban ruwa, gona tana can tana cika da tofa da harkiya. Lokacin da Baba ya iya miƙewa yana dafa bango, ruwa ya riga ya zauna sosai, ciyawa ta kai wa dawa wuya.

Abinci ya koma sau ɗaya da rabi a rana. Da safe kunu tsararo, wanda kake hango gindin kwano ta cikinsa. Da yamma fate-faten tsaki da ganyen rama ko tafasa da muka tsinko a bayan makaranta. Mangwaro ya ƙare, masara ba ta nuna ba. Duk gidan manomi ya san wannan tsakanin. Idan ƙamshin suya ya tsallako katanga daga gidan su Maryama, ƙannena sai su daina wasa. Ragowar dawarmu tana cikin buhu a ɗakin Mama, an ɗora shi kan duwatsu saboda danshi, kullum sai ta laluba ta ji inda ya tsaya.

Ana haka Bappa Danladi, yayan Baba, ya zo daga ƙauye a kan keke. Ta gonar ya biyo. Da yarenmu suka gaisa, amma Bappa yakan koma Hausa idan yana so mu yara mu ji.

“Ishaya, gonanka ya kusa mutu fa. Ka kira gayya.”

“Zan kira, Yaya.”

“To ka ce mata su jiƙa dawa, a yi burkutu mai kyau. Ni zan kawo maza.”

A farkon shekarar aka naɗa Baba dattijo a ikilisiya, kuma ya ɗauki abin da gaske.

“Kunu za a yi. Da tuwo.”

“Kunu!” Bappa ya juyo ya dubi Mama. “Suna za a yi, ko gayya? To, Dattijo, mun ji. Waƙa fa? Ko shi ma an hana?”

“Waƙoƙin da kuke yi, rabi kiran dodanni ne, rabi batsa. Ba a gonata ba.”

“Ba giya, ba waƙa. Jakuna zan kawo maka ke nan.”

“Za a yi waƙa,” in ji Baba. “Rifkatu za ta yi.”

Ina tsugune ina wanke-wanke, kwano ya kusa suɓuce mini. Bayan Bappa ya tafi, Baba ya kira ni. Yana zaune a kan tabarma, wuyansa duk ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

“Rifkatu, Allah ya ba ki baki. Ki yi mana waƙar noma wadda Yesu zai iya tsayawa a bakin gona ya saurara.”

Ba a taɓa gaya mini magana mai daɗin wannan ba. Na ɗauki tabarma na koma gindin mangwaron bayan gida, na rufe ido. Ban yi tunanin fartanya ba ko sau ɗaya. Abin da na gani shi ne ni a tsaye, iska tana kaɗa gyalena, maza sun ɗago kai ɗaya bayan ɗaya, idanunsu sun kawo ruwa. Ga Yesu na yi waƙar, wannan ba ƙarya ba ne, don ina ƙaunarsa da dukan abin da na sani na ƙauna a lokacin. Amma dukan abin da na sani na ƙauna daga littattafan Maryama na samo shi. Kuma idan na rufe ido, wanda ke tsaye a bakin gonar dogo ne, ba ya yawan magana.

Ga yadda ta fara:

Ya Masoyi, hasken idanuna,
sauko cikin lambun zuciyata,
furannina sun yi yaushi don ƙishin ganinka.

Amshin kuma: Zo ka huta a inuwar raina, ya Masoyina na har abada.

Na ba ta murya mai jan rai, a hankali, ana lanƙwasa ƙarshen kowace kalma. Na rera wa Maryama ta kan katanga.

“Kai, Rifkatu! Wallahi kamar a littafi. Ke kika yi da kanki?”

“Ni na yi.”

“Sai sun yi kuka. Tsaya in ara miki gyalena mai ruwan hoda, kada ki je musu haka kamar 'yar talla.”

Na rera wa Mama ma, tana surfa dawar gayya, ta ƙarshen buhun. Ta saurara har ƙarshe, taɓarya a tsaye a hannunta.

“Yana da daɗi,” in ji ta. “Amma ya yi tsawo.”

“Tana da daɗi ake cewa, Mama.”

Ta ci gaba da surfe.

Ranar gayya gari ya waye da hadari a kwance, ba iska, zafi mai danshi yana manne wa mutum a jiki. Mata suka ɗauki tukwanen kunu da na tuwo zuwa gindin ɗorawar da ke bakin gona. Maza suka jeru, mutanen ƙauye a gefe ɗaya tare da Bappa, matasan coci a ɗaya gefen, Iliya a tsakiya da gangarsa a rataye. Baba ya nace sai ya riƙe fartanya shi ma. Ya cire hula ya yi addu'a, wasu suka ce amin, wasu suna leƙen tukwane ko da an ɓoye ta burkutu a baya.

Yanzu na san yadda waƙar gayya take. Mai waƙa ya jefa magana gajera, maza su ɗaga fartanya. Su amsa da kalma ɗaya ko biyu, fartanya ta sauka. Numfashi ɗaya, sara ɗaya. Waƙar ce ke ɗaure layin, har mai rauni ya bi mai ƙarfi bai sani ba. A ranar ban san wannan ba. Na sha zuwa gayya ina ƙarama, amma wajen tukwane nake zama, da na girma kuma da littafi a cinya.

Na hau kan wani suri don a gan ni. Na gyara gyale, ga kwalli a idona. Na koya musu amshin sau biyu, suka yi ta muimui da baki. Sannan na ɗaga murya.

“Ya Masoyi…”

Fartanyu suka tashi sama gaba ɗaya, abin gwanin sha'awa.

“…hasken idanuna, sauko cikin lambun zuciyata…”

Suna nan a sama. Wasu suka sauke, wasu suka riƙe, wani ya kai sara ya kusa cire ɗan yatsan na kusa da shi. Iliya ya buga ganga sau biyu yana neman inda zai shiga, bai samu ba. Ni kuwa ina can ina lanƙwasa furannina.

“Yarinya!” Muryar Bappa ce, fartanya a bisa kansa. “Mu sare, ko mu jira?”

Dariya ta fashe tun daga wannan gefe har wancan.

“Wa ye masoyin nan? Ya zo gayya? A ba shi fartanya mana!”

“Ga shi can da ganga,” in ji wani. “Tun ɗazu shi yake kallo.”

Ban san ina kallonsa ba. Iliya ya sunkuyar da kai, ya ɗora tafin hannu a kan fatar ganga. Matan gindin ɗorawa suna toshe baki da bakin zane. Na ji kamar surin ya tsage in shige, amma ban san yadda ake tsayar da waƙa a tsakiya ba, sai na ci gaba har na kai wurin amshi.

Mutum ɗaya ne ya amsa. Baba. Yana duƙe, numfashinsa yana yankewa, yana jan kalmomin da harshensa mai nauyi: “Zo ka huta… a inuwan raina… ya Masoyina…” Kafin ya kai har abada sai tari ya kama shi. Ya gama tarin, ya ƙarasa. Na shiga baiti na biyu. Ya sake amsawa, shi kaɗai, dattijon ikilisiya mai furfura yana kiran masoyi a tsakiyar tofa. A lokacin, Allah ya sani, so nake ya yi shiru. Amsawarsa ta fi dariyar ƙona ni.

Wani daga cikin mutanen ƙauye ya ga abin ya lalace, ya jefa tsohuwar waƙarsu da yarenmu. Nan take layin ya miƙe, fartanyu suka sauka tare, ƙasa ta amsa. Sara uku ko huɗu suka yi, Baba ya miƙe tsaye.

“Na ce ba a gonata ba.”

“Ishaya,” in ji Bappa, wannan karon ba wasa a muryarsa, “tuwon 'ya'yanka ne a cikin ciyawan nan.”

“Na sani, Yaya.”

Aka ci gaba da noma shiru. Wanda bai taɓa ganin gayya marar waƙa ba, bai san yadda rana ke da tsawo ba. Kowa yana saransa shi kaɗai, na gaba ya yi nisa, na baya ya tsaya yana miƙa. Ni na sauko daga suri na koma wajen mata, na cire gyalen na cusa a ƙarƙashin faifai. Ba wadda ta yi mini magana, sai wata tsohuwa da ta miƙo mini ludayi ta ce in riƙa zuba kunu.

A al'ada ba a barin gonar gayya sai ta ƙare ko rana ta karkata. Ranar, ana gama cin tuwo da tsakar rana, wani ya dubi sama ya ce hadarin nan ba zai bar su su kai gida ba. Wani ya tuna akuyarsa a ɗaure. Suka yi ta zarewa. Bappa ne na ƙarshe a mutanen ƙauye, ya noma layinsa har iyaka, ya saɓa fartanya ya hau keke bai yi sallama ba. Ko rabin gonar ba a kai ba. Tukwane kuwa an share su tas.

Muka dawo gida cikin yayyafi, Baba a gaba, Mama da tukwane a ka, ni a baya. Na yi ta jira wani ya yi mini faɗa, ko in samu in yi kuka. Ba wanda ya yi. Mama ta shiga ɗaki ta ninke buhun da ba komai a ciki.

Kafin Lahadi labari ya zaga unguwa. Idan na je famfo, yara su bi ni suna “Masoyi! Masoyi!” Mai kanti ya tambaye ni ko furannina sun samu ruwa. Na mayar wa Maryama gyalenta da littafinta, ta ce, “Yaya, sun yi kuka?” Na ce sun yi. Ran Lahadi ban zauna cikin mawaƙa ba, na laɓe a kujerar baya kusa da ƙofa. Na gaya wa Ubangiji a fili cewa ya karɓi muryarsa, ba na so. Tun da ya san ba zai yi ni irin wadda nake so in zama ba, me ya sa ya ba ni abin da zai kai ni kan suri?

Ran Litinin Mama ta miƙo mini fartanyar Yohanna. Ma'aikata suna yajin aiki, makarantu a rufe, don haka mu uku muka koma gona, kullum, da sassafe. Raɓa ta jiƙa mu har ƙugu kafin mu isa. Tofa tana yanka hannu, saiwarta tana gudu a ƙarƙashin ƙasa, ka cire nan ta leƙo can. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Ruwa ya same mu mu fake a gindin ɗorawa muna rawar sanyi, ya ɗauke rana ta fito ta dafa mu a cikin jiƙaƙƙun kaya. Guzurinmu rogo ne da wata mata ta zumuntar matan coci ta kawo wa Mama, da gishiri a ƙulle a takarda. Idan na miƙe da sauri sai gonar ta juya, in ga taurari da rana tsaka.

Ba na waƙa. Na riƙe alkawarina. Amma wanda ke noma da yunwa, dole wani abu ya riƙa fita daga bakinsa. Mama nishi take yi. Ni mita nake yi, ƙasa-ƙasa, da Wanda nake fushi da shi. Wata rana da hantsi na ɗaga fartanya na ce, “Ciyawa ta fi mu.” Mama tana gefena, ba ta ɗago ba, ta kai sara ta ce, “Ka gani.”

Na ɗaga. “Ciki ba komai.”

“Ka gani.”

“Baba ba ƙarfi.”

“Ka gani.” Wannan karon har da Baban, yana dariya yana haki.

“Hannu ya fashe.”

“Ka gani.”

“Yara na zagi.”

“Yesu, ka gani.”

Muka kai iyakar layi ba mu sani ba, muka juyo. Duk abin da ya zo bakina shi nake jefawa: sauro, yoyon ɗaki, Yohanna da bai aiko da saƙo ba, ƙayar da ta soke ni. Ba fure a ciki, ba inuwa, ba kalma ɗaya da Maryama za ta ce kamar a littafi. Ban ɗauke ta waƙa ba. Na ɗauke ta abin da ya rage wa mutum bayan an gama yi masa dariya. Idan na hango wani a kan hanya sai in yi shiru har ya wuce, Mama ta ce, “Ke, ci gaba mana, hannuna ya tsaya.”

Mama ce ta kai ta zumuntar mata daga baya. Har yau suna yin ta, da tulu da kacau-kacau, kowace ta jefa nata: kuɗin makaranta, miji, ciwon ƙafa. Na yi waƙoƙi da yawa bayan ta, wasu na sha wuya a kansu, na gyara, na goge, amma ba wadda ta yi nisan wannan. Na roƙi Ubangiji muryar wata, ya bar ni da tawa, kuma sai da na duƙa ta fito. Na san ya kamata in yi godiya, ina kuma yi. Amma idan suka ɗauke ta a coci, wata ta waiwayo tana nuna ni da baki, har yanzu ƙasa nake kallo.

Da waƙar muka ci tsakiyar gonar, muka gangara. Amma mutum uku ba gayya ba ne. Ranar da muka isa ƙasan gonar, wajen rafi, Baba ya tsaya ya jingina da ƙotar fartanya. Dawar wurin ta yi rawaya, siririya kamar tsintsiya, tofa ta rufe ta. Ya tuge ɗaya ya duba saiwar, ya yar.

“Nan ya wuce,” in ji shi.

Wurin ne ya fi ko'ina albarka a gonar, shi ke kai mu har shuka ta gaba. Mama ta koma gindin ɗorawa. Na tsaya kusa da Baba ina kallon yatsun ƙafata a cikin laka.

“Baba, da na yi waƙar kirki, da sun kai nan.”

“Da na bar su sun yi tasu ma, da sun kai.” Ya share gumi da hula. “Ban san wanne Allah zai tambaye ni ba.”

“Me ya sa ka yi ta amsawa? Kowa yana dariya.”

“Ni ma rabinta ban gane ba. Amma ke kika yi.”

Na juya baya don kada ya ga fuskata. Ya bar ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Dankali zai iya yi a nan, idan an sa shi cikin makon nan. Maman Iliya tana da yaɗo a fadamarta. Gobe ki je ki roƙo mana.”

“Ni, Baba?”

“Mamarki tana da kasuwa. Ni kuma ba zan iya ɗauka ba.”

Gidan su Iliya yana ƙarshen unguwa, sai ka bi ta famfo, ka bi ta gaban kanti. Na bi. Yara suka raka ni rabin hanya. Na same shi a ƙofar gida yana ɗaure sarƙar keke, hannunsa duk baƙin mai. Shekara guda ina shirya kalmar farko da zan faɗa masa. A cikin shirina da yamma ne, akwai ƙamshi, shi zai fara magana.

“A'a, Rifkatu. Lafiya?”

“Baba ne ya aiko ni. Wai ko Mamarka za ta taimaka mana da yaɗon dankali.”

“Wa ye?” mamarsa ta yi kira daga cikin gida. “Mai waƙan nan ne? Ka ce ya shigo!”

Ta kai ni fadama da kanta, ta yanka mini da yawa, fiye da abin da na yi tsammani, tana ta tambayar jikin Baba. Ta ɗaure da igiyar rama. Iliya ne ya taya ni ɗorawa a ka. Ruwan laka ya tsiyayo mini ta goshi, ya bi ta hanci. Bai dube ni ba, ya ce, “Ranar nan, na nemi inda zan sa ganga, ban samu ba.”

Na ce, “Na sani.”

Na juyo da kayana ta gaban kanti, ta famfo, ganye yana lilo ta ko'ina yana rufe mini fuska, na kuwa gode wa ganyen.

Dankalin ya yi. Dawa ta ƙare mana tun kafin Ista, shi ne ya riƙe mu, dafaffe da safe, busasshe a cikin kunu, har ƙannena suka riƙa kuka idan sun ga an ɗora shi. Ni ban taɓa cewa na gaji da shi ba. Nawa nake cinyewa har ɓawo.